Igiya ta Shida

Gidan Murdo Macaulay, a wani ƙauyen masunta da ke tsibirin Lewis can ƙasar Turawa, ba gidan rashi ba ne. Suna da jirgin kamun ƙaguwa mai inji, da 'yan tumaki a bayan gida, kuma tukunyar matarsa Ishbel ba ta rabo da miya. Ɗansu ɗaya ne, Innes, mai shekara goma sha biyu. Abin da babu a gidan shi ne magana a kan abin da ke cin ran mutum. Ana hirar iska, ana hirar teku da ƙwallo, daga nan sai kowa ya yi shiru. In aka tambayi Murdo lafiyarsa, amsarsa ba ta wuce "Ba laifi." Haka ya ce ranar da ƙugiya ta huda masa tafin hannu. Haka kuma ya ce ranar Talatar da ƙanensa Lachie ya yanke jiki ya faɗi a cikin jirgi, zuciyarsa ta tsaya, bayan shekara ashirin da uku suna fita teku tare.

Da safiyar jana'iza mai shirya binnewa ya kawo katuna takwas, ɗaya ga kowane namijin da zai riƙe igiyar akwatin gawa a bakin kabari. Na Murdo lamba ɗaya, wajen kai. Murdo ya miƙa wa Innes lamba shida, yana goge takalmi, bai ɗago ba.

"Ba wuya. Ka riƙe har akwatin ya sauka, sai ka saki igiyar ta faɗa ciki. Kuma ban da kuka. Mazan ƙauyen nan duk suna wurin."

"Haba Murdo," in ji Ishbel. "Yaro ne fa. Kuma baffansa ne."

"Ina da shekara sha ɗaya aka ba ni igiyar mahaifina. Wa ya ga hawayena?"

"To sannu, gwarzo," ta ce, ta dire masa kofin shayi.

Innes ya sa katin a aljihu. Bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so ya fita kunyar mahaifinsa a ranar ba.

Maƙabartar tana kan tudu, tana kallon teku. Iska na ta kaɗa baƙaƙen rigunan mutane. Kusa da Innes aka tsayar da tsoho Torquil, maƙwabcinsu, mai lamba bakwai. Tsohon ya dubi kwat ɗin aro da ya yi wa yaron yawa.

"Kai ɗan Murdo, kai ka sa kwat ɗin nan ko shi ya sa ka?"

"Na Baba ne."

"Ai na gani." Sai ya ƙara da ɗan ƙarfi don na kusa su ji: "Lachie dai bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Yau ga shi har ya riga fasto isowa."

Maza suka yi 'yar dariya a cikin wuyan rigunansu. Haka suke yi a irin wannan rana, kuma Innes ya ji daɗin dariyar.

Aka kira lambobi, kowa ya kama igiyarsa, baƙa mai tuntu a bakinta. Akwatin ya fara sauka a hankali. Innes ya ciji leɓe, ya kafa ido a kan takalmin Torquil. Ya daure har akwatin ya zauna. Sai aka fara saki. Da tasa igiyar ta faɗa kan katakon, ta yi wani ɗan sauti, ƙwas, nan take ya tuna babu sauran mai kiransa "Kyaftin" in ya sauko bakin ruwa. Kuka ya ƙwace masa, mai ƙarfi, har da shessheƙa.

Cikin tsoro ya ɗaga ido wajen mahaifinsa.

Murdo bai ma san yana yi ba. Igiyoyi bakwai suna cikin kabari, tasa tana hannunsa. Fuskarsa a bushe take, amma ya damƙe igiyar har gaɓoɓin yatsunsa sun yi fari. Fasto ya gama addu'a ya rufe littafi. Mai shirya binnewa ya yi gyaran murya. Maza suka koma kallon teku, wasu suka kalli ƙasa, kowa na yi masa kara ta hanyar da suka iya.

"Murdo," in ji Torquil a hankali. "Sake shi ya tafi mana."

Murdo bai motsa ba.

Innes ya zagaya kabarin, hawaye da majina shaɓe-shaɓe, ya tsaya a gefensa.

"Baba, ka yi haƙuri. Na kasa."

Murdo bai dube shi ba. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Buɗe min yatsun nan. Sun ƙi."

Yaron ya kama hannun, mai kaushi da sanyi, ya shiga ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ne ya fi ba shi wuya. Igiyar ta sulale ta faɗa. 

Innes ya kai hannun riga zai share fuska. Murdo ya dafa ƙeyarsa.

"Bar shi. Kada ka tsayar saboda ni. Ni tun Talata nake neman kukan, ya ƙi zuwa."

Maza suka taso a jere suna ba su hannu, kowa da kalmarsa ɗaya ko biyu, sannan suka gangara zauren coci inda mata suka tanadi shayi da miya. Uban da ɗan ne suka sauko a ƙarshe.

A ranar Innes ya gane cewa ba ƙarfi ne ya hana mahaifinsa kuka ba. An hana shi ne tun yana yaro har ya manta yadda ake yi, kuma abin yana yi masa ciwo.