Kunzugun Aradu Sun Sha Guga

Likita ta kwance bakin ledar, ta leƙa, ta sake leƙawa, sannan ta ɗago ta dubi Aradu da matarsa. Ƙamshin sabulu ya cika ofishin.

Aradu direban babbar bas ne, kuma ba a banza ya ci sunan ba. In ya daka wa kwandasta tsawa, har na kujerar baya sai ya gyara zama. To tun da aka yi masa aiki aka cire ƙullutun nan da ke tare wa maza fitsari, sai famfo ya ƙi rufuwa. Da ba ya fita, yanzu kuma ba ya tsayawa. Mai motar ya ce ya gaji da shanya kujerar direba a rana, in wata ya mutu ba sauƙi, makulli zai koma hannun wani.

Likitar, wadda a haife Aradu ya haife ta, ta riga ta yi masa bayani cewa yoyon iri-iri ne. Wani mafitsara ce ke matsewa ba izini, wani kuwa ƙofar ce ta saki tun wurin aikin, kuma kowanne da maganinsa. Shi ya sa ta ce ya tara kunzugun da ya jiƙa na yini da kwana, ya ƙulle a leda, ya kawo a ɗora a sikeli.

Ga su kuwa an kawo, farare tas, a ninke, har da karin guga.

"Mama, wanke su kika yi?"

"To 'yar nan, ƙazanta zan ɗauko in kawo wa likita? A ce ba shi da mata?"

Likita ta dafe goshi. Ta kwantar da shi ta goga masa na'ura a mara, sai ga mafitsara wayam kamar tulun da aka kife. Ashe shi ma ya yi tasa dabarar: tun jiya ko kurɓi bai sha ba, don kada ya ji kunya a gaban yarinya.

Aka ba shi gorar ruwa aka tura shi benci. Dattawa ne reras a wurin, kowa da gorarsa, kowa ya cusa leda ƙarƙashin ƙafa, kowa na kallon silin kamar jirgi yake jira. Na kusa da shi ya ce shi rakiya ya yi. Aradu ya ce shi ma haka. Suka ci gaba da sha.

Da mara ta cika ya koma. Likita ta tsayar da shi a kan farar takarda, ta ce ya yi tari. Aradu, da ake jin muryarsa daga tasha har kasuwa, ya yi wani ɗan ƙyaf kamar kyanwa ta shaƙi gari. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara, duk ya ƙanƙame jiki har jijiyar wuya ta tashi. Ta ce to ya yi dariya, ya ce ba a ba shi labari ba. Ta ce ya yi tsalle, ya ce da furfurarsa? Takarda dai a bushe. Likita ta ce in ba ta gani da idonta ba, ba ta san wanne za ta yi wa magani ba, sai dai ya dawo wata mai zuwa.

In aka kai wata mai zuwa kuwa, makulli ya riga ya tafi. Matar ta gyara mayafi ta ce a ba ta wuri.

"Baban yara, igiyarmu ce ta tsinke jiya. A ta bakin titi na shanya kunzugun. Matar kwandastanka ma ta taya ni kwashewa, tana gaishe ka da jiki."

"A bakin titi!"

Har gilashin taga ya amsa. Kafin ya rufe baki takarda ta jiƙe, ta kai ga silifas. Likita ta tambaya ko ya ji matsuwa kafin ya zubo, ya ce wallahi bai ji komai ba sai takaici. Ta yi murmushi ta ce alhamdulillahi, ƙofa ce, mafitsara ba ruwanta. Ta koya masa yadda zai riƙa matse naman wurin yana saki safe da yamma, ta ce da yawa a haka suke samun sauƙi, zai iya komawa aiki da kunzugu. Amma kafin ƙofar ta yi ƙarfi, ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da ɗaga murya.

Matar ta ce a maimaita na ƙarshen, kunnenta ba ya ji sosai. Aka maimaita.

A bas ɗin komawa gida, cikin mutane, ta matso kusa da shi. A hankali ta gaya masa cewa rediyonsa ba ɓata ya yi ba, ƙanenta ta ba wa. Babbar rigarsa ta fita kuma ita ta ƙone ta da dutsen guga, ba yara ba. Sannan innarta na tafe ranar Asabar, za ta ɗan kwana biyu.

Aradu ya buɗe baki, ya dubi wandonsa, ya rufe. Ya haɗa gwiwoyi ya juya ga taga, yana matsewa yana saki.