Ƙeyar 'Ya'yana

Daren jiya wani mafarki ya same ni, ni da rabona da mafarki tun rasuwar maigidana Malam. Amma bari in fara faɗa muku ko ni wace ce, kada ku ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Sunana Uwani, Uwani mai kitso ta Malumfashi. Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina kallon ƙeyar matan garin nan, ko a duhu aka miƙo mini kai, ina shafawa zan faɗi 'yar gidan da ta fito. 'Ya'yana uku, duk Allah ya ɗaga su, ya kuma ɗaga su can nesa da ni. Auta Bara'atu tana Legas, Nafi'u yana Fatakwal, babban kuwa yana ƙasar Turawa, inda aka ce sanyi har ruwan famfo yake daskararwa. Watan jiya likitan ido ya haska ni da 'yar fitilarsa, ya ce ganin da ya rage mini kaɗan ne, in akwai wanda nake son kallo to in hanzarta. Ban faɗa wa kowa ba. Na dai ce da yaran ina so in zo, kowa ya ce in bari tukuna sai aiki ya lafa.

To, a mafarkin sai ga ni a tasha da rana tsaka, jakata a ka. A ofishin yankar tikiti wani bunsuru ne zaune, da tabarau, da biro a bayan kunne.

Ya ce, "Sai ina, Hajiya?"

Na ce, "Wajen 'ya'yana."

"Gani ko gaisuwa? In gaisuwa ce, ta waya ake yi, ga layin can."

"Gani."

Ya ce in ba shi takardar likita. Na ba shi, ya cinye ta tas, yana taunawa yana gyaɗa kai alamar ya fahimci abin da ke ciki. Sannan ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur, cike da wani farin ruwa mai ƙyalli, ya turo mini.

"Ga ganinki nan, iyakarsa ke nan. Duk abin da kika kalla sai ya ragu. Ki yi tattali, ba a ƙari."

Na rufe gwangwanin da gefen mayafina na shiga mota. Motar ba ta da taya. Zama kawai muka yi, garuruwa suka riƙa zuwa suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sallamarsa. Na rintse idona gam. Ba zan ƙarar da ganina a kan Zariya da Kaduna ba, na san su.

Da na buɗe ido, ina ƙofar gidan Bara'atu a Legas. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi ya tafi sama, mutane duk sun tattare riguna suna tafiya a kan lemarsu. Na ƙwanƙwasa. Ƙofa ta buɗe, sai ga Bara'atu ta fito da baya da baya, ta miƙo hannu ta karɓi jakata.

"Oyoyo Inna! Sannu da hanya. Mu je in taka miki."

Na ce, "Ke, yanzu fa na iso. Ko ruwa ban sha ba."

"Ai shi ya sa, Inna. A garin nan da rakiya ake farawa, saboda cunkoson hanya. In aka tsaya zama sai a makara."

"To zaman fa?"

"In lokaci ya ragu a ƙarshe sai a yi shi."

Ta yi gaba da jaka, na bi ta. Ƙeyarta ce kuwa, na gane ta, sai dai an rufe ta da gashin doki ja har gadon baya. 'Yar mai kitso guda! Kan da na yi wa shuku da kalaba tun yana ɗan mitsitsi, yau shi ne da hular gashin wata baiwar Allah da ba mu san ko tana sallah ba. Na haɗiye, ban zo faɗa ba. Na tambayi jikokina, ta nuna mini taga da ɗan yatsa ba tare da ta waiwayo ba. Na leƙa, na ga yara uku a jere sun fuskanci bango, kowanne da waya a jone daga soket zuwa bayansa.

Ta ce, "Suna caji ne, Inna. In aka cire su ba su cika ba sai su yi ta kuka. Sun gaishe ki."

Muna tafe tana nuna mini gari. Inna kalli gadar nan, a kan teku aka shimfiɗa ta. Inna kalli benen da nake aiki, hawa na goma sha bakwai nake. Ni kuma ina kallo, don uwa ba ta iya ƙin kallon abin da 'yarta take alfahari da shi. Da na ɗaga mayafi na duba gwangwani, ya ragu ƙwarai.

Na ce, "Bara'atu, ɗan juyo in gan ki."

"Inna, in na juyo wani zai shige gabana."

Na duba, gaskiyarta. Duk mutanen Legas a layi ɗaya suke, ba wanda ya san abin da ake rabawa a gaba.

Muna shan kwana sai ga Fatakwal. Wani ƙaton mutum yana tsaye jikin mota ya ba mu baya. Bara'atu ta miƙa masa jakata ta ce, "Yaya Nafi'u, ga ta nan. Lafiya ƙalau na ba ka ita, ba ta fashe ko'ina ba." Kafin in ce wani abu ta koma layinta.

Ƙeyar Nafi'u ta yi ninki uku, hutu ya zauna. Shi rakiyarsa a mota ce. Ya buɗe mini gidan baya, wai nan ne wajen manya, shi ya shige gaba. Na ce a raina to ko ta madubi na samu, na karkata na leƙa, sai na tarar madubin hularsa kawai yake nunawa.

"Inna, kin ci abinci?"

"Ban ci ba."

Ya miƙo mini wayarsa ta saman kafaɗa, da hoton farfesun kifi a ciki yana tururi. "Ci ki ƙoshi, Inna, gidanki ne." Na ci, ba laifi, sai dai gishiri ya yi kaɗan. Yana karɓar wayar ya shiga kiran abokansa ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu yau yana tare da tsohuwarsa, ba shi da kamarta a duniya, duk abin da ya zama addu'arta ce. Har muryarsa tana rawa. Ya yi awa biyu yana yabona a wajen mutane, ni ina bayansa ina jiran ya gama in ce masa sannu.

Da na ga ba shi da niyyar gamawa na ce, "Nafi'u, likita ya ce idona..."

"An gama, Inna."

"Ban faɗa ba tukuna."

"Ko me ne ne, an gama."

Ya taka birki a gaban wani gida da ba a ƙarasa ba, ya ce in kalla da kyau, ni yake gina wa, ɗaki goma sha biyu. Na ce wa zai zauna da ni a ciki? Ya ce akwai maigadi. Ya sa na kalli ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya, har da wajen ajiye mota, ni da ko keke ban taɓa hawa ba. Da muka gama, abin da ya rage a gwangwani bai fi cokali uku ba.

Sai ga ni a filin jirgi, gaban wata tunkiya mai kaki da hatimi a hannu.

Ta ce, "Wa za ki gani a ƙasar waje?"

"Ɗana."

"Sunansa?"

Na kau da kai, na shiga gyara mayafina.

"To kwatanta mana fuskarsa."

Nan kuma kunya ta rufe ni, amma ba irin kunyar da na saba ba. Ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kallon ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kama sunansa, balle shi da aka sa wa sunan mahaifin Malam. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Yaya yake ce mini. In ya zo gaishe ni ranar sallah, tabarma nake amsa wa, ko in duƙufa a kan da nake kitsawa. Ko da ya tafi Turai ya riƙa kira ta wayar maƙwabta mai nuna fuska, gwaggonsa nake miƙa wa, in koma bayan ƙofa ina sauraro. Duk unguwa ana cewa Uwani akwai kara, ba a taɓa jin ta yi kuskure ba. Yabon nan shekara arba'in da biyar ina cinsa, kuma ba zan ɓoye ba, yana yi mini daɗi. Abin da ba wanda ya sani shi ne, duk sanda ya juya zai fita, nakan ɗago in bi shi da ido har ya shige zaure.

Na ce da tunkiyar, "Yana da ɗan tabon ƙuna a bayan kunnen hagu. Gashinsa a tsakiyar ka waje biyu yake juyawa."

Ta buga hatimi. "An yarda ki ga ƙeya. Na gaba!"

Garin fari fat, kamar an ɓarar da buhun garin rogo. Karnuka suna wucewa sanye da riguna, masu su suna bin su a baya suna ba su haƙuri. Babban nawa yana gabana, jakata tana hannunsa. Ga tabon nan. Amma gashin da ke kewaye da tabon duk furfura ce. Ɗana ya yi furfura ban sani ba.

Ya ce a hankali, "Sannu da zuwa, Yaya. Kin sha hanya."

Shi bai nuna mini komai ba. Ba ya sauri, ba ya waya, yana tafiya daidai da tafiyata, in na tsaya ya tsaya. Na duba gwangwani, saura cokali ɗaya, kuma gefen titi ya fara dushewa.

Na ce, "Kai."

Bai juyo ba.

"Yaron nan. Mai sunan Baba."

Duk mutanen titi suka juyo, har karnukan, ban da shi.

Na ce, "Ƙannenka sauri ne ya hana su. Kai da ba ka sauri, me ya hana ka?"

Ya ce, "Ai na san ba kya son kallona, Yaya. Tun ina ƙarami na lura, in na shigo sai ki takura. Shi ya sa nake sauƙaƙa miki."

Ba da fushi ya faɗa ba, da ladabi ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na so in ce masa ƙarya ne, wallahi ƙarya ne, kara ce kawai, amma na rasa ta inda zan fara.

Ya ƙara da cewa, "Kuma a ƙasar nan wuya ba ya juyawa sai an kira mutum da sunan da aka raɗa masa. Doka ce."

Sai na ji ƙus-ƙus a bayana. Matan unguwarmu ne gaba ɗaya, sun jeru a cikin farin garin nan da silifa, kowace da rabin kitso a ka.

Wata ta ce, "Kuna ganin za ta faɗa?"

Wata ta ce, "Haba, Uwani? Ai ko kashe ta za a yi."

Can gaba kuma na hango tasha tana tahowa da ƙafarta, da motocinta da masu tallanta. Na san tana isowa rakiya ta ƙare, za a sa ni a mota a ɗaga mini hannu ta baya. Na dubi matan nan da na yi wa kara shekara arba'in da biyar, na ga ba wadda za ta ara mini ko ɗigon gani. Na buɗe baki. Sunan ya yi tsatsa a maƙogwarona, sai da na yi yunƙuri kamar mai naƙuda.

Na ce, "Shu..."

Wuyansa ya fara juyowa. Na ga kunnen gaba ɗaya. Na ga gefen kumatu, da ɗan gemu, fari da baƙi. Saura kaɗan in ga ido.

Sai injin markaɗen Lantana maƙwabciyata ya tashi, garrr, na farka.

Ɗakin duhu ƙirin. Na ce yau kuma Lantana da asuba ta tayar da inji, ita da ba ta kunna shi sai yara sun tafi makaranta? Na laluba bango na kai ga taga, na tura ta. Na ji muryoyin mata a layin markaɗe suna gardamar wa ta riga wa. Na ji zafin rana ya sauka a fuskata, sosai, irin na hantsi. Na buɗe idon iya buɗewa, na murza, na sake buɗewa, duhun nan bai gusa ba.

Na koma bakin gado na zauna. Ba kowa a gidan, inji kuma yana ta ƙara, ba mai ji na. Sai na ƙarasa abin da na fara.

"Shu'aibu."

Na sake faɗa, har sau uku. Ashe sunan ba shi da wani nauyi.