Rigar da Aka Ɗinka wa Leza

A gidan nan babu abin da ke zama tsirara. Talabijin da rigarsa, rediyo da tasa, har tukunyar gas an yi mata siket mai tattara. Matar gidan tela ce, shekara talatin tana kan keke, kuma ba ta da maƙiyin da ya wuce ƙura. Mijinta yakan ce in ya daɗe zaune wuri ɗaya, shi ma sai an auna shi.

Shi kuwa tun da ya bar aikin kantin magani ya sayo wata 'yar na'urar leza, mai zana rubutu a jikin katako da siririn haske mai ƙuna. 'Ya'yansa suka laƙaba masa Injiniya, sunan kuwa ya hau masa kai. Ya mayar da ɗakin ajiya wurin aiki, ya ƙona sunan kowa a cokalin katako, ya kuma ishi mutanen gidan da lacca guda.

"Kan na'urar nan da kike gani, Maman Auta, zafi ne ajalinsa. Wannan ƙarfen mai haƙora kamar mataji shi ke jawo zafin, 'yar fankar nan ta sama ta hure shi. In iska ta tsaya..."

"Na ji, Injiniya. Ɗaga ƙafarka in share."

Ba ta ji ba. Wa zai ji? Sau arba'in ya faɗa, kunnuwa duk sun toshe. Abu ɗaya ne ya shige ta: ranar da ya wuni yana mita cewa ƙura na shiga fankar tana sa ta ƙara.

Wata ranar Juma'a matar ta shigo masa rungume da akwatin ɗinkin mahaifiyarta, na katako, wanda ko Auta ba a bari ta taɓa. A cikinsa akwai 'yar takarda da tawadarta ta fara dusashewa. Marigayiyar da girmanta ta koyi rubutu, kuma wannan kaɗai ya rage da hannunta: "Akwatin nan na ɗiyata ne bayana. Ta riƙe shi da kyau."

"Za ka iya sa wannan a murfin? Da irin hannunta?" Muryarta ƙasa-ƙasa. "Murfi ɗaya ne fa, Baban Auta."

Karo na farko ke nan da aka nemi na'urarsa da mutunci. Ya ɗauki hoton takardar, ya gwada a guntayen katako har sau huɗu, duk suka fito tsaf. Ya ɗiga wa fankar mai, ya ce gobe da hantsi za a yi, ya fita ziyara. Ita kuma daɗi ya cika ta, ta rasa da me za ta gode masa. Ta ɗauko abin awo.

Da hantsi ya tarar da na'urar cikin riga mai furanni. Ya ja tsaki, ya yaye ta ya jefa kan kujera. Ya sa tabaransa mai duhu na kare ido, wanda ta cikinsa komai duhu-duhu yake, ya daidaita murfin, ya kunna. Fankar ba ta yi ƙara ba, sai wani gurnani can ciki.

"Kin ji aikin mai? Shiru kamar sabuwa," ya ce da matarsa, wadda ya tsayar a bakin ƙofa saboda hasken.

Haruffan suka fara fitowa, baƙaƙe, a karkace kamar yadda tsohuwar ke yin su. Ɗakin ya cika da ƙaurin katako. Layin farko ya ƙare lafiya. A na biyu rubutun ya soma kodewa, daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, daga nan sai 'yar inuwa. Wani ƙauri na daban ya taso, na yadi. Ya zabura zai kashe, gwiwarsa ta bugi tebur, murfin ya goce. Hasken ya yi 'yar ƙifta, ya mutu.

Ya cire tabarau. Sai a lokacin ya gani. Kan na'urar sanye yake da wata 'yar baƙar riga, cif-cif, da roba a wuya, ta rufe fankar da haƙoran ƙarfen ruf. An bar ƙofa guda a ƙasa don haske ya wuce. Ɗinki ne mai kyau, abin takaici. Ya taɓa, ya janye yatsa.

"Maman Auta! Mene ne wannan?"

"Kai ka ce ƙura na shiga."

"Na ce ƙura, na kuma ce iska! Iska! Wata nawa ina faɗa? Ke za ki iya taka keke da bargo a kanki?"

"To kai da ka san komai, ina idonka? Ka ji ta yi shiru ka hau yabon kanka!"

Ya ajiye tabaran a kan tebur. Haushin ya fi ciwo saboda da gaskiyarta.

Ta matso ta ɗauki murfin. Layin farko raɗau. Na biyu ya tsaya a "Ta riƙe", sauran babu, sai katako.

"Za a iya ƙarasawa?"

"In an sayo sabon kai. Amma murfin ya goce, ba zai sake faɗawa daidai kan layin ba. Zai fito biyu-biyu."

Ta daɗe tana shafa wurin da babu komai da babban yatsa. Duk faɗan da ya tanada ya bi iska, tausayinta ya kama shi.

"Bar shi haka," ta ce.

Ta mayar da murfin kan akwatin. Har ta kai ƙofa ta dawo, ta ɗauki rigar mai furanni daga kan kujera, ta kakkaɓe, ta lulluɓe na'urar, ta ja gefe-gefen suka daidaita.

Wannan karon bai ce komai game da iska ba.