Saƙon Dada a Wayar Kawu

Kwamfutar Khairat ta cika fam, ga aikin kammala digiri yana jiran wurin zama. Abin da ya cinye wurin kuwa saƙonnin murya ne na dangi, kowane fayil da sunan mai wayar da ya turo shi a farko. Tun da wayarta ta faɗi a keke a hanyar Yelwa, babu su ko'ina sai a nan.

Ta kira taubashinta Fakhruddeen, ɗan gwaggonta mai karatun kwamfuta. Shi kuwa bawan Allah ba ya taɓa linzamin kwamfuta, wato maus, wai na yara ne. Sai ya buɗe baƙin allon nan ya dinga buga umarni yana ɗaga kafaɗa.

"Goge komai," in ji Khairat, "ban da na Dada."

Dada kakarsu ce, bara ta rasu a gidan Kawu Auwalu a Gwallameji.

"Wannan ne kika taso ni da rana tsaka a kansa?" Ya rubuta rm [!dada]* yana bayani ba a tambaye shi ba. "Wannan na farko shi ke gogewa. Alamar motsin rai tana nufin ban da. Tauraron kuma komai da komai. Amma ki sani, abin da aka goge a nan ba ya zuwa kwandon shara."

"Malam injiniya, danna mu gani, surutu ya isa."

Ya danna. Yatsansa bai gama tashi ba ta tuna wani abu. A watanninta na ƙarshe Dada ba ta iya riƙe waya. Saƙonta na ƙarshe ta wayar Kawu ya zo, don haka sunan auwalu ne a kansa. Khairat ba ta taɓa iya sauraronsa ba, kullum sai ta ce gobe.

"Fakhru, na shiga uku! Muryar Dada tana cikin na Kawu!"

Kafaɗar injiniya ta sauka nan take. Babu tsokana, babu bayani. Ya buga ls don ya ga abin da ya rage. Khairat ta rufe ido, tana jin haushin kanta fiye da nasa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Buɗe idonki."

Ga na Dada reras. Ga kuma na Kawu Auwalu da na matarsa Aishatu, har da tallan atamfofin Anti Dije da babu wanda ya nema.

Ya daɗe yana kallon allon kafin ya dafe kai. "Shirme na yi. Wannan baka mai kusurwa ba ta karanta suna, harafi ɗaya take dubawa. Ban ce mata ban da Dada ba. Cewa na yi ta goge duk abin da bai fara da d ko a ba. Da na rubuta daidai, !(dada*), wallahi da na Kawu sun tafi."

"Wato rashin iyawarka ce ta cece mu?"

"Kada ki gaya wa 'yan ajinmu."

Ta yi dariya har da hawaye, ta janyo kwamfutar gabanta. Yau dai ba za ta ce gobe ba. Ta kama linzamin nan na yara, ta danna.

Aka ji Kawu yana cewa, "Yi magana, Dada, yana ɗauka." Sai tari, sai muryar tsohuwa, siririya, da Hausarta mai gardin Fulatanci.

"Khairatu, an ce karatu ya hana ki zuwa. Ba komai, yi abinki. Na ajiye miki man shanu a wurin Aishatu, kada ki bari Fakhru ya shanye."

Fakhruddeen ya juya yana kallon taga.

"Sake kunnawa," ya ce.