Tsohuwar da Ba Ta Shan Ruwanmu

Hannun Iya Tasalla bai kai kan Hidaya ba Ramatu ta fizge yarinyar, ta ɓoye ta a bayan zanenta. Tsohuwar ta tsaya da hannu a sama, ta dubi ƙurajen da suka zagaye bakin yarinyar da ƙafafunta da suka kumbura.

"Har yanzu ruwan rijiyar nan kuke ba ta?"

Ramatu ta ja 'yarta suka shige gida, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Cikin wata biyar, yara huɗu suka kwanta a layinsu, kuma duk ciwo iri ɗaya: amai, gyambon da ba ya jin magani, sai kumburi. Fadila ta gidan Abdu tela an kai ta makwanci ranar Laraba. Unguwar sabuwa ce, an yanka ta a filin tsohuwar masana'antar jimar fatu da ta rufe tun Ramatu tana goye, kuma mijinta Idirisa ne dillalin da ya sayar wa kowa filinsa. Kowa baƙo ne a wurin in ban da Tasalla, 'yar garin Tsibiri, wadda aka tarar da ita a ɗakinta na ƙasa jikin katangar masana'antar.

Abin da ya tsaya wa mata a rai shi ne, tsohuwar ba ta taɓa jefa guga a rijiyar unguwa ba. Kullum sai ta ja ƙafa har famfon bakin titi da bidonta, wato jarkar ruwanta. In an ba ta fura ta ce ta ƙoshi. In an yi suna ta kai gaisuwa ta fito bakinta a bushe. Mutumin da ba ya cin naka, me yake ci? Da haka kalmar ta fara yawo daga zaure zuwa madafa: mayya.

*

A asibiti likita ya duba takardar analiz ɗin Hidaya, wato sakamakon gwajin da aka yi mata, ya daɗe. Ya ce ƙodarta ce take wahala, ya tambayi irin ruwan da suke sha. Tambayar ta bi Ramatu har gida, don ita ce tambayar tsohuwar, ba ragi ba ƙari.

Da la'asar ta yafa mayafi ta nufi ɗakin Tasalla. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa mata.

"Iya, don girman Allah, in ke ce ki sakar mini ɗiya."

Tsohuwar ta yi wata dariya marar daɗi. Ta jawo wani tsohon hoto daga ƙarƙashin matashi: namiji ne sanye da rigar aiki, hannuwansa naɗe da tsumma.

"Maigidana ke nan, Barmo. Shekara goma sha tara yana jiƙa fatu cikin maganin gidan jimar nan. Da za su rufe, shi da mutum shida aka sa suka gina rami suka binne gangunan da suka rage. Ƙafafunsa haka suka kumbura, kamar na ɗiyarki, kafin ya cika. Kin san inda ramin yake? Taki ashirin daga rijiyarku."

"To mi ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa, ɗiyata. Ranar da ake kafa turakun filaye na kama rigar mijinki na nuna mashi wurin da sandata. Ya ce tsufa ya taɓa ni. Na faɗa wa matan layinku, suka ce baƙin ciki nake don an cika mini wuri." Ta maida hoton inda yake. "Ki tuna da kyau. A bakin wa kika fara jin an ce mini mayya?"

Ramatu ta tuna. A tsakar gidanta ne, bayan sallar layya, Idirisa yana sakace yana cewa mata su yi hattara da tsohuwar nan, idonta ba na alheri ba ne.

A hanyar komawa wani abu ya ƙara faɗo mata. Shekara biyu ke nan Idirisa ba ya shan ruwan randa. Kullum da ledojin ruwansa na kanti a cikin kula, wai likita ya ce cikinsa ba ya son ruwan rijiya. Ita da kanta take jera masa su.

*

Washegari da azahar ta ajiye masa tuwo da miyar kuka. Maimakon leda, ta cika kofin silba daga randa ta dire a gabansa. A cikin hasken rana ruwan yana da wani ɗan rawaya-rawaya da ba ta taɓa kula da shi ba.

"Ina nawa ruwan?"

"Sun ƙare, Malam. Sha wannan, shi muke sha ni da Hidaya."

Ya ci loma uku, yaji ya kama shi, ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. Hannunsa ya je ga kofin, ya tsaya, ya dawo kan gwiwarsa. Ramatu tana zaune tana kallon hannun.

"Ka sani ke nan."

"Ramatu, ki saurare ni. Mai filin ya rantse mini an kwashe komai. Daga baya na ji ƙishin-ƙishin, to amma mutum talatin sun riga sun yi gini. In na buɗe baki, wa zai bar ni da rai a Maraɗi?"

"Shi ya sa ka ba su tsohuwa su ci namanta."

"Na yi niyyar jawo mana famfo bayan kaka, wallahi na yi niyya."

"Kai ka sha na leda kana jiran kaka. Ita fa?" Ta nuna ɗakin da Hidaya take kwance.

Bai ɗago kai ba. Ƙuda ya sauka a bakin kofin, babu wanda ya kore shi.

*

Kafin ta bar unguwar ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya tana faɗa musu zancen rijiyar. Matar Abdu ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta matsa baya kaɗan ta ce, "Ke ma kin shiga ɗakinta jiya, ko?" Gida biyu kawai suka kife randunansu.

Ta goya Hidaya, duk da ta wuce goyo, ta tsayar da ɗan kabu-kabu mai babur ta ce ya kai su tashar Jiratawa, garin mahaifiyarta. A bakin rusasshiyar katangar masana'antar suka tarar da amalanken shanu uku sun tare hanya, maza suna loda ƙasa daga wani sabon rami, daidai wajen da aka binne gangunan. Ƙasar tana da jijiyoyi kore-kore, kamar tsohuwar tagulla.

"Ina za a kai ta?" Ramatu ta tambayi mai amalanken gaba.

"Makarantar yara ake ginawa can cikin gari, Hajiya. Ba ki ga kyanta ba? Duk Maraɗi babu ƙasar da ke riƙe tubali kamar wagga."

Ya ɗaga sanda, shanun suka motsa. Hanyar matsattsa ce, babu wurin wucewa, dole babur ɗin ya bi bayansu a hankali, ƙasar tana zuba kaɗan-kaɗan daga gefen amalanken har suka hau kwalta.