Shirun Inji a Gangaren Banton

Kai ma ka kau da kai, kada ka ce ba ka sani ba. Ka zauna a gaban mota kusa da direba, ka ga hannunsa ya tafi ga makulli a bakin gangare, ka ji injin ya mutu, sai ka juya ka kalli gonakin dawa ta taga. To, zauna ka ji labarin Hannatu.

Hannatu mai shayi ce. Tana kafa murhunta a gindin wata bagaruwa, a wani ƙauye kudu da Mai Wurno, daidai inda hanya ke barin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ta fara sauka zuwa kogi. Gangaren dogo ne, yana murɗawa tsakanin zaizayayyun tuddai, kuma ƙarshensa ruwa ne. A can ƙasa banton ke tsayawa, wato jirgin ƙarfen da ke ɗaukar motoci ya haye da su wancan gefen.

Tun da yaƙi ya sa mai ya yi wuya, direbobin garin suka koyi wata dabara. In sun iso bagaruwa sai su fitar da giya, su kashe inji, su bar mota ta gangara da nauyinta. Man da suke tsira da shi bai cika kofin shayi ba, amma kowa na yi, wanda bai yi ba kuma a ce bai iya tattali ba.

Mijin Hannatu, Almu, yana cikin masu yi. Ran da ya ɗauko wasu mata masu zuwa yankan riɗi a tsallake, a bayan boksinsa, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya, Hannatu na zaune a gaba kusa da shi. Ta ga ya kashe. Ta ji shirun, har ta ji daɗinsa, don sai lokacin ta ji matan baya suna dariya. A kwana ta farko birki ya kama. A ta biyu ma ya kama. Daga nan ta ji ƙafarsa tana dukan ƙarfe, gim, gim, gim, abin ya yi tauri kamar an dasa dutse a ƙarƙashinsa. Ya damƙi giya yana turawa, giya na kuka ta ƙi shiga. A haka suka faɗa ruwa.

An ciro Hannatu da rai. Almu da wasu daga cikin matan sai gawa.

Da aka share makoki, garin ya zauna ya yi wa abin fassara. Aka ce mutanen ruwa ne suka ja motar, ƙarar injuna ce ta dame su. Ka ji fa! Daga ranar duk direban da ya iso bagaruwa sai ya jefa ɗan dabino ta taga, ya yi bisimilla, ya kashe inji don girmama su. Abin da aka fara don rowar mai ya koma ladabi. Wani tsohon direban babbar mota, Hamid, ya taɓa faɗa a bakin murhun Hannatu cewa birkin irin waɗannan motoci da numfashin inji yake aiki, in inji ya mutu taku biyu ko uku ne ya rage maka. Ya ce giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, inji ya riƙe mota, birki ya zama na taimako. Masu shan shayi suka ce Hamid ya tsufa, suka nemi ƙarin sukari.

Hannatu ba ta bar gindin bagaruwa ba, don nan abincinta yake. Amma duk motar da ta yi shiru a gabanta, sai hannunta ya tsaya a kan buta. Da tsakar rana, ido biyu, takan ji gim, gim, gim yana tasowa daga ƙasan gangare. Takan leƙa ta hango mayafai a kan ruwa, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, a buɗe, suna juyawa a hankali. In ta ƙifta ido sai ta ga kogi kawai. Wani lokaci in ta zuba shayi sai ta tarar ta zuba kofi ɗaya fiye da mutanen da ke zaune, mai kauri, ba madara, yadda Almu ke sha.

Da riɗi ya sake nuna, ’yarta Ramla ta ce za ta tsallaka yanka tare da ƙawayenta. Ita kaɗai Allah ya bar wa Hannatu. Ba yadda za a hana ta, gidan na bukatar abin da za ta samo. Motar da za ta kai su ta Muzammil ce, ɗan yayan Hannatu, saurayi mai son a ce ya iya.

Da hantsi boksin ya iso bagaruwa, bayansa cike da mata da ƙunshin kaya da jarkokin ruwa, har ƙugunsa ya zauna. Ramla na can tsakiya, ta ɗaga wa uwarta hannu. Muzammil ya miƙa hannu cikin aljihu yana laluben dabino.

Hannatu ta sauke buta daga wuta. Ta zagaya, ta buɗe ƙofar gaba, ta ce wa mutumin da ke zaune kusa da direba ya koma baya, ta shiga. Ba ta shiga mota ba tun ranar da Almu ya rasu.

“Gwaggo, lafiya?” in ji Muzammil. “Ke ma riɗin za ki?”

“Rakiya zan yi. Sa giya ta biyu.”

Ya yi dariya. “Yau Gwaggo ce direba! Wa ya ba ki lasisi, Baba Hamid?”

“Sa ta biyu, Muzammil. Kuma ka ɗauke hannunka daga makullin nan.”

Daga baya wata mata ta buga rufin mota. “Ya Hannatu, ki ji tsoron Allah! So kike a tashi mutanen ruwa da ƙara, mu ma su ja mu?”

“Ku bar ta,” in ji wata. “Tun ranar nan kanta bai koma daidai ba, miskina.”

Ramla ta sunkuyar da kai don kunya. Muzammil ya rage murya. “Gwaggo, wallahi kowa haka yake sauka. Yau da safe ma haka na sauka. Kin san mi za a ce da ni a tasha?”

“Da safe ba ka ɗauko ’yata ba.” Ta ɗora tafinta a kan makullin ta rufe shi. “Ina zaune nan, nan inda nake yanzu, sa’ad da Almu ya kashe. Babu wanda ya ja mu, ɗana. Ƙafarsa nake ji har yau. In za ka kashe, sai ka karya yatsun nan tukuna.”

Ya kalli hannun, ya kalli fuskarta. Ya yi tsaki, ya taka kuloci, ya tura giya ta biyu. Dabinon ya faɗi tsakanin ƙafafunsa.

Suka fara sauka. Injin ya ɗaga murya, yana gurnani kamar raƙumin da ake tilasta wa durƙuso, motar na son ta ruga, shi yana riƙe ta. Matan baya suka kama salati da ƙarfi. Hannatu ba ta ɗauke hannu ba. A kwana ta biyu ta ji sanyi a kafaɗarta ta dama, kamar wani jiƙaƙƙe ya zauna kusa da ita, har da warin laka. Ba ta waiwaya ba. Ta kafa ido a kan ƙafar Muzammil, wadda ke taɓa birki kaɗan ta saki, ta taɓa ta saki.

Da suka fito kwana ta ƙarshe, banton bai iso ba, yana tsakiyar kogi. Hanya ta miƙe ta shige ruwa, babu komai a tsakani. Muzammil ya taka. Birki ya nutse a hankali, ya kama, mota ta tsaya, ruwa na lasar ƙasa a gabanta.

Ya daɗe riƙe da sitiyari. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, “Kin ƙona mini mai, Gwaggo.”

“Zo ka sha shayi a madadinsa.”

Ta fito. Ramla ta diro ta riƙe mata mayafi. Hannatu ta dubi kogi da kyau, tun daga wannan gaɓa har waccan. Ruwa ne kawai, mai launin ƙasa, da banton na tahowa.

Sai ta ji wata mota can sama, wajen bagaruwa. Hafila ce, bas ɗin da ke zuwa daga Sinnar, ta san muryarta. Ta ji ta rage gudu. Ta ji ta yi shiru.

Hannatu ta tattare zanenta ta fara hawa da gudu, tana ɗaga hannu, tana kiran sunan direban da ba zai ji ta ba.

Mace ɗaya ba za ta zauna a gaban kowace mota ba. Kai ne a gaban waccan. Kana ganin hannun direba, kana jin shirun. Buɗe bakinka ka ce ya tayar da inji ya sa giya tun mota ba ta yi gudu ba. In ya yi maka dariya, ka ce ya tsaya ka sauka, kuma ka sauko da ’ya’yan mutane tare da kai.