A Gyara Wurin

Baban Shanu yana tsugune a ƙofar ɗakinsa, yana goge jan fenti daga yatsunsa da tsumma da kananzir, sai matarsa ta fito da babbar rigarsa a hannu.

"Ka saka wannan," ta ce. "Kada baƙi su tarar da kai kamar mahaucin da ya gama fiɗa."

"Aiki za su zo gani, ba riga ba."

Amma ya karɓa ya saka.

Shi ne mai gadin dutsen. Filin na gwamnati ne, dutsen na gwamnati, har ɗakin da suke kwana a gindinsa. A ƙarƙashin wata rumfar dutse inda ruwan sama ba ya kaiwa, akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi tun kafin kakan kakan kowa. Saboda su aka ɗauke shi aiki yana saurayi, saboda su kuma mutane suka manta sunansa na yanka. Ya san su ɗaya bayan ɗaya: mai dogon ƙaho, mai ciki, da wadda ta waiwaya tana kallon baya. Allah bai ba su haihuwa ba, shi da matarsa, kuma takan tsokane shi da cewa shi ne kaɗai makiyayin da garkensa ba nono ba taki.

Shanun dai suna ta dushewa. Dā daga bakin hanya ake hango su. Yanzu sai ya kai baƙo dab da su, ya bi layin da tsinin sanda yana cewa ga wuya, ga tozo. Bara wani ya ƙura ido ya gaji, ya ce shi fa dutse kawai yake gani. Maganar ta daɗe tana cin Baban Shanu a rai. Ga kuma kamfanin fasa dutse a bayan tudu, ya cinye tsaunin can ƙurmus, ya dawo yana neman a ba shi wannan.

Makon jiya Malama ta kira shi. Ita ce jami'ar ofishin adana kayan tarihi da ta tsaya kai da fata a kan dutsen nan.

"Baba, kwamiti zai zo ya ga shanun da idonsa. In sun gamsu za a kewaye wurin, kamfani ya haƙura. Don Allah a gyara wurin sosai."

"A gyara, ranki ya daɗe?"

"A gyara, Baba. Su zo su ga abin sha'awa."

Ya yi shara, ya nome ciyawa, ya ƙone ledoji. Da ya gama ya tsaya gaban rumfar. Ina amfanin fili tas, alhali abin da za a zo dominsa ba ya ganuwa? Washegari ya shiga kasuwa, ya sa mai shagon fenti ya yi ta haɗa ja da ruwan ƙasa har kalar ta zo daidai da wadda ya sani yana saurayi. Ya yi aikin da ƙaramin buroshi, yana riƙe numfashi. Inda ƙafa ta ɓace ya mayar da ita, don ya tuna inda take. Bai taɓa yin wani aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba.

Da hantsi motar kwamitin ta iso. Malama ta fito, sai wani dattijo masani mai tabarau da kyamara a wuya, sai mutumin ofishin filaye, wanda tun daga mota waya ke manne a kunnensa. Baban Shanu ya gaishe su ya shige gaba, yana tafiya kamar ango.

Suna shan kwanar rumfar Malama ta tsaya cak. Shanun suna nan jajaye jawur, suna ƙyalli a inuwa.

"Baba," ta ce, muryarta can ƙasa. "Mene ne wannan?"

"Gyaran da kika ce ne, ranki ya daɗe." Murmushi bai bar fuskarsa ba tukuna. "Yanzu ko daga hanya ana ganin su."

"Shara nake nufi, Baba. Shara. Ciyawa."

Mutumin ofishin filaye ya cire wayar daga kunne, ya matsa ya danna yatsa a cikin saniya mai ciki. Ya duba yatsan, ya yi dariya.

"To, Malama, wannan tarihin naku ko bushewa bai gama yi ba."

Masanin bai yi dariya ba. Ya tambayi wane irin fenti ne, a hankali, kamar likita mai tambayar majinyaci.

"Mai mai ne, ranka ya daɗe. Mai kyaun. Mai shagon ya ce ko ruwa ba ya fitar da shi."

Dattijon ya cire tabarau ya daɗe yana murza idanunsa.

"Babu ko ɗaya da ka bari?"

Kunya ta kama shi. Ya nuna can ƙasa, kusa da inda dutsen ya haɗu da rairayi. "Akwai ɗan maraƙi guda. Bayana ne ya hana ni sunkuyawa. A yi haƙuri, da na..." Sai ya ji abin da yake shirin faɗa, ya yi shiru.

Masanin ya kwanta rub da ciki da fararen kayansa, ya yi ta ɗaukar hoton wani abu da bai fi tafin hannu ba, wanda da ƙyar ake raba shi da jikin dutsen.

"Zai isa a kewaye wurin?" Malama ta tambaye shi.

"Zan faɗi abin da na gani," ya ce, bai ɗago ba.

"Garke kuka ce mana," in ji mutumin ofishin filaye. "Ba za a tsayar da aikin jama'a a kan ɗan maraƙin da sai an kwanta ƙasa ake ganinsa ba." Ya mayar da wayarsa kunne ya nufi mota.

Da Malama ta zagi Baban Shanu da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta tsaya gabansa, idanunta sun kaɗa.

"Laifina ne, Baba, ban yi maka bayani ba. Don girman Allah kada ka sake taɓa komai."

Motar ta tafi. Ya daɗe tsaye da babbar riga a cikin rana. Can wani tunani ya zo masa, irin na wanda ruwa ya ci: shi ya shafa, ai shi zai iya cirewa. Shanun ainihi suna nan a ƙarƙashin fentin. Ya koma ɗaki ya ɗauko tsummansa da kwalbar kananzir. Kaɗan kawai zai gwada, a ƙahon wadda ta waiwaya.

Ya goga a hankali. Jan ya biyo tsumman. Ya ƙara gogawa, ya hura wurin, ya jira ya bushe.

Dutse ne kawai, fari fat. Tsohon ƙahon ya tafi tare da sabon.

Bai ji zuwan matarsa ba sai da ta ajiye kofin shayi kusa da shi. Ta riga ta gane daga yadda motar ta tashi. Ta ɗaga kai ta dubi rumfar, ta daɗe.

"Shekara da shekaru ina cewa ina ganin su don kada ranka ya ɓaci," ta ce. "Yau ne na gan su, Malam. Ashe haka suke da kyau."

A bayan tudu jiniyar kamfani ta yi kuka, nakiya ta tashi, ƙasa ta girgiza, ɗan rairayi ya zubo daga rufin rumfar. Baban Shanu ya jefar da tsumman nesa. Ya ja jiki ya zauna gaban ɗan maraƙin, ya kare shi da bayansa, sannan ya cusa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.